Muna shirin fim na zullumi a Maraɗi: ta ina za mu kama bincike?

Ɗalibin Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum. Ni ɗan unguwar Ali Ɗan Sofo ne a Maraɗi, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, shekara ta biyu. Mu shida ne, maza huɗu, mata biyu, kuma tun muna lise, wato babbar sakandare, muke wasan kwaikwayo tare. Babu wanda ya karanci fim a cikinmu. Bana mun ƙudurta za mu yi ɗan gajeren fim na minti 15 a hutun watan Disamba, irin fim ɗin da mai kallo zai zauna zuciyarsa na dukan uku-uku har ya ƙare.

Ga labarin. Wani ɗalibi ne, da rana yana aji, da dare yana kabu-kabu da mashin ɗin haya don ya biya kuɗin ɗaki ya kuma sayi maganin mahaifinsa. Wani dare bayan isha'i, wani mutum da bai sani ba, fuska naɗe da rawani, ya tare shi kusa da tasha, ya miƙa masa kwali ɗaure da roba, ya ce ya kai Ɗan Isa, garin da ke kusa da iyakar Nijeriya, a kan jikka 20 (sefa dubu 20), rabi yanzu, rabi in ya isa. Yana cikin tafiya sai salula ta fara ƙara a cikin kwalin.

Nan muka cije. Dare uku muna gardama a kan abin da ke cikin kwalin. Wani ya ce bindiga, wani ya ce ƙwayoyi, wata ta ce kuɗi. Sannan mazan sun nace sai an ƙare da jandarmomi sun biyo shi a guje.

Inda tunanin ya samo asali: bara na hau kabu-kabu daga kasuwa, sai wani ya tsayar da mu ya ba direban leda baƙa ya kai wata unguwa. Da muka yi nisa kaɗan, direban ya tsaya ƙarƙashin fitilar titi, ya matsa ledar da yatsu, ya kai ta hanci ya shinshina, ya girgiza ta kusa da kunne. Bai kwance ba. Ya rataye ta a hannun mashin muka ci gaba, amma har ya sauke ni bai sake cewa uffan ba, kuma duk ramin da muka shiga sai ya dubi ledar. Wannan shirun nasa nake so in sa a fim.

Abin da ke hannunmu: salula biyu masu kyan kamara, kwamfuta ɗaya, kamarar wani mai ɗaukar biki da ya yarda ya ara mana kwana uku, da kuɗin da muka tara, jikka 150.

Don Allah masu sani ku taimaka. Yaya za mu binciki rayuwar masu dakon kaya a hanyar iyaka ba tare da mun jefa kanmu ko su cikin matsala ba? Ina ake samun kakin jami'an tsaro da bindigar wasa? Kuma yaya ake ɗaukar dare hoton bai zama baƙi ƙirin ba?

Tsohon ɗan kabu-kabu, Bagalam:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, shekara tara na yi bisa mashin kafin gwiwa ta hana ni, don haka bari in hwaɗa maka gaskiya tun ba ku ɓata kuɗɗinku ba. Labarinku ya karye tun daga bakin tasha. Babu ɗan kabu-kabun da ya san ciwon kainai da za ya amshi kwali rufe daga hannun baƙo, cikin dare, zuwa Ɗan Isa. Kuma jikka 20 ɗin nan da kuke gani kamar ita ce za ta ja shi, ita ce za ta kore shi. In mutum ya ba ka kuɗɗin da sunka hi aikin, ya riga ya gaya maka akwai wuta cikin kayan. Duk ɗan kabu-kabun da ya kalli fim ɗinku nan take za ya ce waɗanga yara ba su san sana'a ba.

Kayan da ke sa mutum cikin bala'i, wanda ba ka iya ce ma a'a ne ka ba ka su. Mai mashin, misali. Shi ya ba ka makulli, shi kake kai ma kuɗɗi kowane dare, ranar da ka gaza cikawa ya ɗaga maka ƙafa, ranar da tsohonka ya kwanta asibiti shi ya sayi ledar ruwa. Sai wata rana ya kira ka shagonai ya ce, "Ɗana, ga ɗan saƙo ka kai mini." Ba ya ba ka ko dala. Ba ya ce kar ka buɗe, don ya san kunya ba ta barinka. To nan tsoro yake. Ni an yi mini haka sau ɗaya, kuma har gobe ban san mi na ɗauka ba. Na kai, na dawo lahiya, amma daren nan ban runtsa ba.

Abubuwan da za ku sa in kuna son a yarda da ku: cikin hunturu mai tahiyar dare shina cusa kwali ko takarda cikin riga wajen ƙirji, don iska ba ta da tausai. Idanu na zubar da hawaye ba kuka ba. In anka shiga rairayi, ƙafafu biyu na ƙasa suna ja, mashin na lilo. Masu ruwa-ruwa, waɗanda ke ɗora jarkokin mai gaba da baya, ba su cika tahiya ɗai-ɗai ba, kuma ba su tsayawa gaisuwa. Da ka shiga kusa da gari, karnuka ne ka fara shaida ka. Sannan mutum ba ya barin tankinai ya kusa ƙarewa a hanyar da bai da wanda ya sani.

Hanyar nan kuma ta sha canji. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, har zuwa Disamba na 2020, aiki ya koma ta daji. Sannan a 2023 anka cire tallafin mai can, kuɗin lita ya tashi, anka kuma sake rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar. Don haka ku tsai da shekarar da labarinku ya faru, saboda kuɗin mai da halin hanya ba ɗaya ba ne kowace shekara.

Batun bincike kuwa, kar ka zo ma mutane da kaye da bik, wato littahin rubutu da biro, kar ka ɗaga salula. Je ka teburin mai shayi inda 'yan kabu-kabu ka taruwa bayan isha'i, ka sayi shayinka, ka zauna. Ka yi haka mako guda. Dare na huɗu ko na biyar su da kansu za su tambaye ka mi kake nema, sai ka gaya musu gaskiya. Kar ka tambayi sunan kowa, kar ka tambayi ta ina ake bi. Tambaye su ranar da sunka hi jin tsoro, da abin da sunka gaya ma iyalinsu da sunka dawo gida.

Kuma ina roƙonku da girman Allah, kar ku fita daji da dare don ɗaukar hoto. Kowa ya san abin da masu satar mutane sunka yi ma garuruwan yankin Madarunfa da Gidan Rumji. Hanyar rairayi akwai ta bakin gari, ba sai kun yi kilomita 40 ba.

Ɗalibin Ali Ɗan Sofo:

Yaya, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa sauran maganarka a kan mai mashin, kowa ya yi tsit. Mun cire baƙon mai rawani.

Mai haɗa hoto, Sabon Gari:

Na daɗe ina ɗaukar bukukuwa da tallace-tallace, na kuma yi 'yan shekaru a Kano ina tace finafinai kafin in dawo gida. Zan yi magana a kan abin da na sani.

Da farko, gardamarku ta dare uku ba a kan abin da ya dace kuka yi ta ba. Abin da ke cikin kwali ba shi ke riƙe mai kallo ba. Abin da za ku yanke shi ne: wa ya san me, kuma yaushe? Ɗauki misali. Mace ta sa hannu cikin kwandon itace, maciji ya sare ta. Mai kallo zai zabura na daƙiƙa biyu, shi ke nan. Amma in ka fara nuna masa macijin yana shiga kwandon, sannan ka nuna matar tana hura wuta, tana hira da maƙwabciya, tana miƙa hannu sai yaro ya kira ta ta fasa, to ka ɗaure mai kallo minti biyar yana ce mata kar ki taɓa. Haka za ku yi da kwalinku. Ku bai wa mai kallo wani sani da yaron bai da shi. Misali, bayan yaron ya bar shago, kamara ta tsaya a kan mai mashin yana cire layin salularsa yana karya shi. Daƙiƙa biyar ne, ba su cin ko dala, amma daga nan duk burkin da yaron ya taka, zuciyar mai kallo na tare da shi.

Tseren jandarmomi ku manta da shi. Yana buƙatar motoci, hanya a rufe, fitilu masu yawa da direbobin da suka ƙware. Da jikka 150 abin da zai fito abin tausayi ne, kuma wani na iya karyewa. Fitila guda ɗaya a madubin mashin, wadda in ya rage gudu ta rage, in ya ƙara ta ƙara, ta fi motoci goma ban tsoro. Mashin na biyu kawai kuke buƙata.

Rubutu: a tsarin da aka saba, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Kenan shafi 15, kar ku wuce. Wurare uku sun isa: shago, hanya, gida. Da kamarar aro ta kwana uku, shafi biyar ke nan kowace rana, kuma wannan ma gudu ne ga masu koyo. Saboda haka kafin kamarar ta zo hannunku, ku ɗauki fim ɗin gaba ɗaya da salula, da rana, ba kwalliya, ku haɗa shi a kwamfuta ku kalla. A nan za ku ga fitowar da ba ta da amfani, ku yar da ita tun ba ta ci muku batir ba. Sannan ku rubuta jerin kowane hoto da za a ɗauka, na nesa, na kusa, na hannu, na ido, mutum ɗaya ya riƙe takardar yana soke wanda aka gama.

Yanzu dare. Kuskuren masu farawa shi ne su je inda babu haske ko kaɗan su ce ai dare ne. Kamara ba ido ba ce. Abin da ake yi, a bar yawancin hoton cikin duhu amma a samu haske ɗaya mai dalili: fitilar mashin, ƙwan sola na mai shayi, hasken salula a fuska, tocila. Ku sa hasken daga gefe ko daga baya, kar ku haska fuska gaba da gaba, yana kashe tsoro. Watan da kuka zaɓa ma ya taimake ku, domin ƙurar hunturu tana kama haske, fitilar mashin sai ta fito kamar sanda a cikin iska. Hotunan nesa na hanya ku ɗauke su bayan faɗuwar rana kafin duhu ya rufe. A ƙasarmu wannan lokacin gajere ne, da wuya ya ba ku fiye da minti 20, kuma ga sallar magariba a ciki. To ku shirya komai tun la'asar, ku san hoto biyu ko uku kaɗai za ku samu kowace yamma.

Fuskar yaron yana tuƙi kuwa, kar wanda ya hau bayan wani mashin da kamara cikin duhu. Ku kafe mashin a tsakar gida, mutum biyu su riƙa girgiza shi a hankali, ɗaya ya riƙa fifita da faifai ko kwali don rigar ta motsa, wani ya riƙa wucewa da tocila a gefen fuskarsa jefi-jefi kamar fitilun da ake wucewa. Bayansa baƙin zane. In an ɗora ƙarar inji a kai babu mai ganewa.

Wani abu da ke lalata hoton cikin ɗaki: wutar lantarkinmu tana kaɗawa sau 50 ne cikin daƙiƙa, to ku saita kamara a kan hoto 25 cikin daƙiƙa, saurin rufewar idon kamara 1/50. Salula da yawa suna zuwa a kan 30, shi ya sa kake ganin layuka suna yawo a hoto ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ku kulle haske da saitin gani da hannu, kar ku bar salula tana canzawa da kanta. Kuma salula biyu da kamara ɗaya launinsu ba zai zo ɗaya ba, don haka kowace fitowa a gama ta da na'ura guda.

Sauti shi ne rabin irin wannan fim, ni a wurina ma ya fi rabi. Mutane za su yafe hoto mai ɗan duhu, ba za su yafe maganar da ba su ji ba. In akwai abu ɗaya da za ku saya, ƙaramin makirfo ne na maƙalawa a riga. Ku haɗa shi da salula ta biyu a aljihun ɗan wasa, a tafa hannu sau ɗaya gaban kamara kafin kowace ɗauka don a samu wurin daidaita murya da hoto. Iskar hunturu na shiga makirfo kamar tsawa, ku sa masa soso ko safa. A kowane wuri kowa ya yi shiru minti ɗaya a naɗi shirun wurin, zai yi muku amfani wajen haɗawa. Sannan ku ware dare guda ba kamara, ku naɗi ƙarar sarƙar mashin, haushin kare daga nesa, gyare, numfashi, da ƙarar salula daga cikin kwali na gaske, a rufe. Yadda kwali ke danne ƙarar nan ba a ƙirƙira shi da kwamfuta ya yi daidai.

Kuɗi: abinci da mai ne za su cinye mafi yawa, ku ware musu kusan rabi. Mutum goma masu aikin kyauta in ba su ci ba, dare na biyu biyar za ku gani. Ku ajiye jikka 20 gefe kar ku taɓa, don taya na fashewa, batir na mutuwa. Tacewa kuwa, manhajar DaVinci Resolve tana da ta kyauta in kwamfutarku za ta iya ɗaukarta, in ba ta iya ba CapCut zai yi muku.

Na ƙarshe, kuma da ciwo nake faɗarsa. Na taɓa ɗaukar aikin kwana biyu a katin kamara guda, na ce sai na gama in kwashe. Katin ya lalace a dare na biyu, ba abin da ya fita. Mai aikin dattijo ne, bai zage ni ba, ya dai dube ni ya ce Allah ya kiyaye gaba, kuma wannan kallon bai bar ni ba har yau. Kowane dare kafin ku kwanta, ku kwashe abin da kuka ɗauka zuwa wuri biyu, ku buɗe ku tabbatar yana tafiya.

'Yar unguwar Zariya mai karatun shari'a a Tawa:

Ɗan'uwa, kan kaki da bindiga: ku bar su. Sanya kakin jami'an tsaro ba tare da izini ba laifi ne a dokar ƙasa, kuma a halin tsaron da ake ciki, wanda ya hango ku da dare da abu mai kama da bindiga ba zai tsaya tambaya ko ta roba ce ba. Kada kuma ku ɗaga kamara kusa da shingen bincike, bariki ko ofishin duwan, wato kwastan. In labarin na buƙatar shinge, hasken tocila a fuskar yaron da murya daga duhu tana cewa "kashe mashin" sun wadatar.

Cibiyar kula da harkar fim ta ƙasa, CNCN, tana Yamai, ku tuntuɓe ta kan takardar izinin ɗauka. A nan gida ku rubuta wasiƙa zuwa ma'aikatar magajin garin da'irar da za ku yi aiki, tunda birnin da'ira uku ne, ku kai kwafi ofishin 'yan sanda mafi kusa, ku kuma je da ƙafarku ku gai da mai unguwa. Takardar ta kasance a aljihun ɗayanku kowane dare. Duk wanda fuskarsa za ta fito ya sa hannu cewa ya yarda, yaro kuma mahaifinsa ya sa masa. Ku rufe lambar mashin da sunan shago. Waƙar wani kada ku ɗora ba izini, YouTube na iya toshe fim ɗin, ga kuma hukumar haƙƙin mallaka, BNDA.

Malama mai ritaya, 'Yan Daka:

'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Jikata ce ta nuna mini wannan zance, ita ce kuma ke rubuta mini abin da nake faɗa. Shekara talatin na yi ina koyarwa, kuma a ƙuruciyata na yi wasan kwaikwayo na rediyo, inda ba mu da hoto ko ɗaya, sai murya da ƙarar ƙofa, amma mutane na barin tuwo ya huce don su saurara.

Na ji kun ce ku shida ne, biyu mata, amma ban ga mace a labarinku ba. Ina uwar yaron? Ɗana na biyu ya yi kabu-kabu shekara uku kafin ya samu aiki. Bari in gaya muku yadda darena yake a lokacin. In an yi isha'i sai in rufe masa tuwonsa da faifai in ajiye bakin murhu. In shimfiɗa tabarma kusa da zaure, carbi a hannu, rediyo a kashe don kar ya hana ni ji. Mashin ɗari za su wuce a titi, amma na san kukan nasa, yana da wata 'yar shaƙewa in ya rage gudu zai shigo lungu. In ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce ban ji ta ba, sai in tashi in taɓa kwanon in ji ko ya huce, in koma in zauna, in sake tashi. Ba na kiransa, don ina tsoron ya ɗauki waya yana tuƙi. Mahaifinsa na ɗaki yana yi kamar barci yake, alhali ina jin tarinsa. Ku sa wannan. Duk lokacin da kuka bar yaron a hanya, ku dawo wurin uwar da kwanon tuwo. Mai kallo ba ya jin tsoro don wanda babu mai jiransa.

Mai haɗa hoto ya ce abin da ke cikin kwali ba shi ne muhimmi ba. Na yarda da shi rabi. Ko ba za ku nuna ba, ku marubuta dole ku san mene ne, ku san nauyinsa, ku san ko yana motsi in an girgiza. In ba ku sani ba, ɗan wasanku zai ɗauke shi kamar kwalin banza, kuma za a gani a hannunsa. Ku zuba wani abu mai nauyi a ciki na gaske.

Wurin ɗauka kuma, ku sauko tsofaffin unguwanni. Iyayenmu sun ba mu labarin ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon gari da ke cikin kwari aka hau da mutane tudu. Ku duba lungunan wajen fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, da gangaren da ke sauka fadama inda lambuna suke. A watan Disamba ruwan Gulbi ya janye, ga rairayi, ga inuwar mangwaro. Nan kusa da gida za ku samu hanyar da za ta yi kama da daji, kuna jin kiran salla daga gari.

Sai harshe. Ina jin yaranmu in sun tsaya gaban kamara sai bakinsu ya koma na Kano, saboda finafinan da suka tashi suna kallo. Hausar Kano ba ta da laifi, amma ɗan kabu-kabun Maraɗi ba haka yake magana ba. A bar shi ya ce jikka, ya ce salula, ya ce munka tahi. Na ji daɗi da kuka cire mai rawani. Rawani suturar mutanen kirki ce da yawa, kada ku koya wa yara cewa duk mai rufe fuska mugu ne.

'Yan matan kuma, ku je gidajensu ku gai da iyayensu, ku nuna musu takardar labarin. Fitowarsu a yi ta cikin gida. In ta ɗaki ce, ku toshe taga da bargo da rana ta zama dare, kowa ya koma gidansu kafin magariba. In kun rasa tsakar gida, tawa na nan, da murhu da zaure.

Ɗalibin Ali Ɗan Sofo:

Inna, mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Za mu zo gaishe ki ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, tare da 'yan matan. Wadda za ta fito a matsayin uwa ta ce tana so ta zauna da ke ki nuna mata yadda kike taɓa kwanon.

Ga inda muka tsaya jiya da dare. Labarin zai faru a hunturun 2019, iyaka na rufe. Mai mashin ne ya ba da saƙon, ba ko dala. Wurare uku: shago, gangaren fadama, tsakar gida. Babu kaki, babu bindiga, babu tsere, sai fitila ɗaya a madubi. Mun san abin da ke cikin kwalin amma mun yi alkawari ba za mu faɗa ba, mun zuba masa nauyin kilo uku. Na fara zama wurin mai shayi, dare biyu ke nan, ba wanda ya kula ni tukuna. Wasiƙar izini kuma 'yar'uwa daga Tawa ta ce za ta duba mana kafin mu kai.

Saura abu ɗaya da ya raba mu. Salular cikin kwali ta yi ƙara sau uku a hanya. A na ukun, ya tsaya ya ɗauka ko kada ya ɗauka?

Mai haɗa hoto, Sabon Gari:

Ku ɗauki duka biyun, ba zai ci muku fiye da rabin awa ba, sai ku yanke a kan kwamfuta bayan kun nuna wa mutum biyar da ba su san labarin ba. Ku zauna bayansu ku dubi kafaɗunsu, ba fim ɗin ba. Amma in ra'ayina kake tambaya: ya tsaya, ya kashe inji, ya fara kwance robar, ƙarar ta katse. Sai tasa salular, ta aljihunsa, ta kama ƙara.

Ina da ƙafar kamara da fitila ɗaya mai batir da ba na amfani da su a makon. Ka zo shago ranar Litinin da yamma, bayan cunkoson kasuwa ya ragu, ka zo da kwamfutar in ga ko za ta ɗauki aikin.